Mu Ba Mu Karɓar Gyara

A gidanmu ba a karɓar gyara, ba a kuma bayarwa. Da wannan na tashi, kamar yadda wasu ke tashi su tarar gidansu ba a cin damo. Ka sayi barkono a kasuwar Filinge, mai barkono ta auna maka, ta ɗebo ɗan tafin hannu ta ƙara a bisa, kowa miƙa ƙwaryarsa yake ya ce Allah ya amfana. Mu janye tamu muke yi. Yau ni kaɗai na rage da ke janye ƙwarya, ga shi na haura sittin, gwiwoyina sun fara ƙorafi in na tashi daga tabarma.

Inna, mahaifiyata, hatsi take sayarwa. Wurinta yana can ƙarshen layin 'yan hatsi, inda inuwar gawo ke ƙarewa, rabin tabarmarta a rana. Ba wanda ya kai ta cika tiya. Takan tara hatsi har ya yi tozo yana zubowa ta ko'ina, ta juye a buhun mutum, sannan ta kakkaɓe hannu ta ɗora a cinya. Shi kuwa mai saye yana nan tsaye, bakin buhu a buɗe, yana jira. Wannan ɗan jiran shi na fi tsana a ƙuruciyata. Ina zaune gefenta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Gyara hwa, mai hatsi?"

"Tiya ba ta cika ba?"

"Ta cika."

"To ɗaure buhunka. In kuɗɗin sun yi maka yawa in rage maka dala. Gyara kam babu."

Kuma da gaske take, tana ragewa. Dala a wancan lokacin ta fi tafin hannun hatsi nesa ba kusa ba, amma mutum sai ya tafi yana ƙunƙuni, kasuwa mai zuwa ka hango shi tsugune gaban wata. Na daɗe kafin in gane dalili. Ba hatsin ne ya dami mutane ba. Ciniki ɗan ƙaramin faɗa ne: kowa ya ja, kowa ya rantse, wani ma ya yi kamar zai tafi a kira shi ya dawo. Gyara shi ne sulhun da ake yi a ƙarshe, a rabu ana dariya, a tambayi lafiyar yara. Inna takan yi faɗan, ba ta yin sulhun. Shi ya sa ta yi shekara da shekaru a kasuwar nan ba ta da wadda za ta bar wa kaya ta je ta yi salla. Ni ce mai tsaron, kuma da na shiga lakwal, makarantar boko, sai ta koma yin sallarta a jikin buhu.

In ita ta je saye abin ya fi muni. Mai daddawa ta ƙara mata ƙwaya ɗaya, ta ɗauke ta mayar a faifai. Mai gishiri ya ɓantaro mata ɗan guntu, ta ce ya faɗi kuɗinsa ko ya riƙe abinsa. Suka haɗa mata laifi biyu: hannun jarirai in tana sayarwa, girman kai in tana saye. Matan da ke zuwa da kanwa daga wajen Damana har kwaikwayon yadda take janye ƙwarya suke yi, suna ƙyalƙyala dariya da Zabarmanci don kada mu ji, alhali muna ji sarai. Na sha dambe a kan haka. Na taɓa fasa wa wata yarinya leɓe a bakin rijiya, ban ma san abin da nake karewa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a gida Inna ba marowaciya ba ce. Tuwonmu ya zaga unguwa. Maƙwabciya ta haihu, kafin a kunna wutar ruwan wanka hatsin Inna ya iso. Kyauta tana yi, tana kuma karɓa da hannu biyu. Na tambaye ta to mene ne bambancin.

"Kyauta don ke aka yin ta," ta ce. "Gyara ko bisa wani abu shika hawa, awa kaska."

Ranar da ta gaya mini dalili muna sussuka ne a bayan gari. Na kai munzalin da zan iya zama kan tiya ni kaɗai in babu lakwal. Ta jira sauran mata suka ɗauki ƙoransu suka tafi, ta jingine taɓarya, ta ce in zauna.

Ta ce a zamanin da kuɗi ba sa yawo a ƙasarmu ta Kurfai kamar yanzu. Wuri akwai shi, amma na cefane ne, goro da gishiri da ɗan zare. Wa zai iya ɗauko wurin da zai sayi doki? Sai an yi hayar jakuna, kuma ladan jakunan ya cinye wani kaso tun a hanya. Don haka babban ciniki da abu mai ƙafa ake yin sa: shanu, raƙuma, dawaki, mutane. Mai dukiya ba ya binne ta a tukunya. Yana ajiye ta a garke da kuma bukkokin bayan gida, inda za ta yi masa noma, ta ɗebo ruwa, ta hayayyafa, in buƙata ta taso ya kora ta kasuwa ta tafi da ƙafarta.

Wani ayari ya sauka a cikin dallol, babban kwarin nan namu, yana kan hanyar arewa da bayi da dawaki. Wani mai hali na ƙasarmu ya ga doki ya ƙyasa. Aka yi ta ja, falken mai dokin ya ƙi ragi, shi kuma ransa ya riga ya biya. Da ya ga dai sai ya ba da duk shanun da aka nema, sai ya ce to a yi masa gyara, kamar yadda kowa ke cewa. Falken ya waiga. Cikin bayin akwai wata mace da 'yar yarinya wadda ko famfara ba ta fara ba, gudawa ta tsotse ta, ƙafafunta sun kumbura, tana ɓata wa ayari tafiya. Ya ce a ɗauki wannan. Aka ɓamɓare hannunta daga zanen uwar, aka ɗora ta a bayan dokin. Ayari ya tashi da uwar kafin rana ta yi zafi.

"Wagga yarinya," in ji Inna, "ita tah haihi uwata. Na gan ta da idona, na sha hura hannunta. Bisa doki anka ba da ita."

Da labarin ya tsaya nan, da baƙin ciki ne irin na kowa, don gidaje da dama a ƙasar nan suna da irinsa a ƙarƙashin tabarma. Abin da ya zama namu mu kaɗai shi ne abin da ya biyo baya. Bawa a lokacin yana da ƙofa, ko da ƙanƙanuwa ce. Da safe ya yi aikin gandun ubangijinsa, da yamma ya shiga gayaunarsa, ɗan filin da aka yanka masa, abin da ya samu can nasa ne. In ya tara, ya je ya ce a faɗa masa fansarsa, a tuna abin da aka saye shi, a ɗan ɗora, ya biya ya zama mutumin kansa. Tsohuwa, haka Inna ke kiranta, ta ga wasu sun fita ta wannan ƙofa. Ta shuka kuɓewa da yakuwa da gujiya, ta yi kaɗi har yatsunta suka yi kanta. Zare ya zama kaji, kaji suka zama awaki, awaki suka zama karsana. Kafin nan an aurar da ita ga wani bawan gidan, ta haihu ta yaye, furfura ta fara leƙowa. Ran nan ta ja karsanarta har ƙofar maigidan, ta durƙusa ta ce ta zo fansar kanta.

Ba mugu ba ne, in ji Inna, wannan ma shi ya fi ciwo. Dariya ya yi har yana share hawaye.

"Nawa nis saye ki da zan ce ki biya? Doki nis saya, kuma ya mutu tun tuni. Ke gyara ta. Wa kit taɓa ji ya saida gyara? So kike a yi mani dariya cikin Kurhwai? Tashi ki tahi, ke ɗiyag gida ta."

Ta ja karsanarta ta koma. Bayan wasu shekaru ta sake zuwa da saniya da ɗan maraƙi, ta sake komawa da su. Waɗanda aka saya da tsada suka yi ta fita, ita da ba a ba da ko wuri ɗaya a kanta ba ta rasa hanya. Da Nasara suka zo suka ce babu sauran bawa, mutane suka yi ta tashi suna kafa tunga, aka ce mata ta tashi ta zama 'ya. Ta ce a bisa wane ciniki? Ƙasa Nasara suka ci, ita an ɗora ta a sama ne kamar wancan karon. Ta bar gidan dai, amma har ta mutu ba ta taɓa cewa ta fita ba. Ta tara 'ya'yanta mata ta ce duk wadda ta fito daga cikinta, da wadda ta fito daga cikin wannan, kada ta karɓi gyara, kada ta bayar. Komai a yi masa kuɗi, ko allura ce. Kuma kowace uwa ta gaya wa ɗiyarta dalili da bakinta.

Inna ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da sussuka. Ban yi kuka ba. Haushi na ji, irin wanda ba ka san wa za ka mara ba. Daga ranar kuma ban ƙara jin kunyar ɗan jiran nan ba. Mutum ya tsaya da buhu a buɗe, in zuba masa ido har ya gaji ya ɗaure.

Wasiyyar ta mata ce, maza ba ruwansu. Yayyena maza har a wurin mai aski roƙon gyara suke yi. Sauran jikokin Tsohuwa kuwa, wasu maza kaɗai suka haifa, wasu aure ya kai su kurmi ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ni ce kaɗai ɗiyar Inna mace, don haka abin ya tattaru ya faɗo a kaina.

Na yi karatu na zama malamar lakwal, aka yi ta jefa ni ƙauyuka, yau Tondikandiya gobe Imanan. Duk inda na sauka, kafin a riƙe sunana an riga an san Madam ba ta karɓar gyara. Ana gaishe ni da girmamawa, ba a zama da ni. Na auri wani malamin dabbobi, mutumin kirki mai yawan barkwanci. In ya sayo tsire sai ya ware yanka ɗaya ya ce wannan gyara ne, ya haramta gare ni, ya jefa a baki yana kallona. Ban taɓa gaya masa dalili ba. Danginsa irin mutanen nan ne da ke lissafa kakanni har mai sauraro ya yi hamma, kuma na ga abin da kalmar baiwa ke yi wa aure a ƙasar nan. Na kama bakina. Wasiyyar ma ai ba ta ce a gaya wa miji ba.

Allah ya ba ni ɗiya ɗaya tak, ita ce fari ita ce auta. 'Yar fari kuwa an san yadda take a wurinmu: ba ka kiran sunanta, ba ka yi mata wasa gaban mutane, ba ka nuna ka san tana wurin. Da aka yaye ta, gwaggonta, yayar mijina, ta zo ta ɗauke ta zuwa Yamai kamar yadda aka saba. Ni ma na kau da kai kamar yadda aka saba, na shiga ɗaki na ciji matashi. Na ɗauka wasu za su biyo baya, ba su biyo ba. Ta tashi tana kiran gwaggonta Mama, ni kuwa Madam, yadda ta ji 'yan lakwal na kirana. In ta zo hutu mukan zauna kamar baƙi biyu a tasha, kowa na jiran motarsa. Ta yaya za ki zaunar da wadda ko sunanta ba kya iya faɗa ki tona mata irin wannan?

Inna ba ta yarda da wannan uzuri ba. Duk hutu sai ta tambaya.

"Kin gaya mata?"

"Ba ta isa ba tukun, Inna."

"Ke da nig gaya miki kin kai ta?"

Na ce sai ta gama jarrabawa. Ta gama, na ce sai ta yi aure, kada maganar ta fita ta ɓata mata. A ciwonta na ƙarshe, ina ba ta kunu a cokali, ta ture cokalin ta riƙe mini wuyan hannu.

"In kin yi kawaici, Tsohuwa ta ƙare gare ki. Ko kushewatta ba a sani ba, ko sunan da uwatta tas sa mata. Wagga al'ada ita ɗai ta gare ta duniya."

Inna ta rasu, mijina ya bi ta bayan 'yan shekaru. Na ajiye alli na dawo Filinge, gidan Inna. Gidan ya yi mini yawa. Ina da rediyo, ina da kaji, ina da bishiyar dogon yaro da ke zubar da ganye don in samu abin sharewa. Ran kasuwa nakan fita da wuri in dawo da wuri. Yawancin masu sayarwar yanzu yara ne da ba su san Inna ba; in na mayar musu da gyara sai su kalli juna, su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ɗiyata ta yi aure a Yamai, ta buɗe shagon kayan miya da yaji, ta haifi mace. Tana kira a waya, mu gaisa, in tambayi jaririya, ta tambayi gwiwoyina, sai shiru ya shigo, ɗayanmu ya ce to sai an jima.

Bara bayan girbi ta zo mini kwana kaɗan da jaririyar. Na yi wa kaina rantsuwa wannan karon sai na faɗa. Kwanakin suka yi ta zamewa ina cewa gobe, har aka zo jajiberin tafiyarta, wanda ya faɗo ran kasuwa. Ta leƙa madafina ta ga gwangwanaye duk sun yi ƙasa, ta ce mu je ta yi mini cefanen da zai kai ni rani.

Ban taɓa shiga kasuwa da ita ba sai ran nan. Tana shiga kamar ta shiga gidan biki. Ta gaida wannan da Hausa, ta ce wa waccan fofo da Zabarmanci, ta ɗanɗana, ta yatsina fuska, ta yi ciniki har mai kaya ya rantse da iyayensa. In an gama sai ta buɗe bakin jaka ta karkata kai.

"To kadona hwa, ina gyarana? Ni baƙuwa ta, daga Yamai nit taho."

A ƙara mata, ta ce hannun bai gaji ba a sake, a sake ana dariya. Barkono, kuka, busasshiyar kuɓewa, albasa, ko'ina haka. Da muka iso wurin mai daddawa, wata dattijuwa sa'ata wadda ta gaji faifan uwarta, ta dube ni ta dubi ɗiyata.

"Wagga jikar mai hatsi ta? Ashe gidan ana dariya."

Ta zuba mata gyara har sau biyu. Aka kwance jaririyar daga bayanta, mata suka yi ta miƙa wa juna, wata ta jawo mata kujera, wata ta kawo ruwa a moɗa. Ni ina tsaye daga baya riƙe da kwando, ba wadda ta ce mini ga wuri. Kafin rana ta take, ɗiyata ta yi ƙawayen da Inna ba ta yi ba a duk zamanta na kasuwar nan. Na ji fushi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji kishi, wanda ya fi fushin ɗaci. Ban hana ta ba, don cinikinta ne da kuɗinta. Na dai sa ido a kan kowane gyara da niyyar in ware shi a gida, amma duk wanda aka ba ta a jaka ɗaya take juye shi da abin da ta saya.

Bayan la'asar muna gindin dogon yaro, tana juye kayan a gwangwanaye. Na kalli katanga, tunda ba zan iya kiran sunanta ba, na ce, "Ke. Aje wannan ki zamna."

Ta zauna ta jawo jaririyar ta sa mata nono. Duk maganar da na shekara ina shiryawa ta gudu ta bar ni.

"Akwai abin da ba ki sani ba bisa asalinmu," na ce.

"Cewa mu bayi na? Na sani, Madam."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa gishiri ya ƙare. Na tambaye ta a bakin wa ta ji. Ta ce gwaggonta, tun tana ƙarama, ranar da ta fasa wani tangaran. Gwaggon ta ce mata jinin uwarta ne, bayi ba su iya riƙe abu mai daraja ba.

"Babanki hwa?"

"Baba ya sani tun kahin aure. An yi bincike, an hana shi, ya ƙiya. Shi yac ce duk wanda yab bari kij ji sun sani, ba shi ba shi."

Shekarun nan duka ina tsaron bakina a gabansa, ashe shi ma tsaron nasa yake a gabana. Na ji kewarsa ta taso mini, na kuma ji da yana nan da na zage shi tas.

"Mi yah hana ki tambaye ni?"

"Na ga kina ɓoyo. Nic ce kunya kike ji, ban so in ƙara miki."

To amma labarin doki ba ta san shi ba, gwaggonta ma ba ta sani ba. Shi na ba ta, tun daga ayari har karsana, yadda Inna ta ba ni, ban rage komai ba. Da na zo inda aka ɓamɓare hannun yarinya daga zanen uwarta sai ta ƙara matse jaririyar har ta saki nono ta yi ƙara. Ta yi kukan da ni ban yi ba a bayan gari. Ta tambayi ina aka kai uwar, na ce Allah kaɗai ya sani. Sannan na faɗa mata wasiyyar, kalma da kalma, na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana. Na ɗauka shi ke nan na gama.

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Labarin na ɗauka, Madam. Zan gaya ma wagga in ta yi wayo, ba ni ɓoye mata ko ɗaya. Amma gyara ba ni iya bari."

"Don butik, shagon nan naki?"

"Har da shi. Wane kiliyan, wane mai saye, zai dawo in ban ƙara mai ba? Amma ba shi ɗai na ba. Macce kan zaka da 'yan kuɗɗin da ba su isa miya, tana kunyar roƙo. Gyara na hanyar da nika ba ta ba tare da ta sadda kai ba. Ina son badawa, Madam." Ta ɗago ta dube ni. "Kuma na ga yadda kit tsaya yau cikin kassuwa. Haka Kaka taz zamna hat ta mutu. Ba ni so ma ɗiyata wannan."

Raina ya ɓaci. Na ce mata labari ba tare da al'ada ba iska ne: ita ta faɗa duka, ɗiyarta ta faɗi rabi, ta bayanta ta ce wai an ce. Mu ba da baki muka riƙe Tsohuwa ba, da hannu muka riƙe ta, duk ran kasuwa, a gaban mutane, muna biya da mutuncinmu. Na ce mace ta ja saniya har sau biyu ta koma da ita, ke ɗan tafin hannun barkono ya gagare ki bari. Na ƙara da cewa lalle gwaggonta ta yi aiki, wannan kuwa don in ji mata ciwo na faɗa, kuma ta ji.

"Ki yi haƙuri, Madam," ta ce. Ba ta ƙara ba, ba ta kuma janye ba. Ta tashi ta ƙarasa juye cefanen, ta jera gwangwanayen a madafi, ta rurrufe. Tun da na haife ta ba mu taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

Da safe na raka ta tasha. Ta durƙusa ta yi mini sallama, ta miƙo mini jaririyar na riƙe kafin ta gyara kayanta, sannan ta karɓe ta ta shiga. Ban ɗaga hannu ba, ba a yi wa 'yar fari haka. Na tsaya dai har motar ta sha kwana, sannan na juyo gida a hankali.

Da rana ta yi na shiga madafi. Na ɗauko gwangwanin barkono na juye a faifai, na fito da shi haske, na zauna ina tonawa da yatsa. Na san kusan tafi biyu a ciki gyara ne, na gani da idona lokacin da aka zuba. Amma wanne? Duk ja ne, duk a yamutse, duk yajinsu ɗaya. Na gwada ɗebe tafi biyu in ajiye gefe, na ga kaina nake yaudara, don mai yiwuwa wanda aka saya na ɗebe na bar gyaran. Daddawar ma haka. Kuka kuwa gari ce, ba ta ma da inda za a kama.

Na yi tunanin in kwashe duka in kai wa maƙwabta. Na har ɗauko kwando. Sai na tuna wannan ne cefane na farko da ɗiyata ta taɓa yi mini, da kuɗin guminta, ita ta zaɓa, ita ta jera da hannunta tana cikin fushi da ni. Na ajiye kwandon. Na zauna a bakin madafi da faifai a cinya, aka kira azahar na yi salla na dawo na sake zama. Babu Inna da zan tambaya, babu wata mace a duniya da za ta gane ko mene ne tambayar.

Da la'asar ta kusa na hura wuta. Na daka barkono da daddawa, na kaɗa kuka, na tuƙa ɗan tuwo na mutum ɗaya. Na ci ina kuka, ina neman gafarar matar da ban taɓa gani ba. Miyar ta yi daɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, kuma babu kowa a gidan da zan gaya wa.